Shekarar Motar Alhaji Na Allah

A Tudun Gawo, wani ƙauye da ke cikin yashin ƙasar Sarkin Hausa, ba a ƙidaya shekarun mutum da lamba. Wane an haife shi shekarar fara, wance shekarar da tsohuwar rijiya ta rufta. Shi kuwa Mutari ɗan shekarar mota ne, kuma ya fi kowa hujja, domin a cikin motar aka haife shi. Naƙuda ce ta yi wa mahaifiyarsa Biba gardama, aka kinkime ta aka sa a bayan sabuwar Pijo ta Alhaji Na Allah, wadda ko ledar kujerunta ba a cire ba, aka nufi gidan likita a Mayahi. Ba su kai ba. Motar na tsalle bisa yashi yaron ya faɗo hannun ungozoma. Tun yana rarrafe ake ce masa Na Mota, shi ma yana jin daɗin sunan, don ba kowa ne ya zo duniya a guje ba.

Abin da ba a cika tayarwa ba shi ne, mahaifinsa Ahmadu bai ga wannan rana ba. Ya rasu tun lokacin babbar yunwa, cikin bazarar da rediyo ya ce soja sun karɓi mulki. Ya bar Biba da ƙaramin ciki, yunwa da baƙin ciki suka sa cikin ya kwanta. Kwantaccen ciki ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Tsofaffin mata su lalluba marar mace su ce yana nan, barci yake, sai ranar da Allah ya tashe shi. Biba ta zauna a ɗakin mijinta, ba ta sake aure ba, tana jira. Da yaron ya zo, Cha'ibu wan Ahmadu shi ya yanka rago ya raɗa masa suna, ya ce ɗan ƙanensa ne. Da ya isa riƙe hauya, ya kama hannunsa ya zagaya da shi iyakar gonar Ahmadu, ya ce ga gadonka nan. Ba wanda ya tsaya tambayar damana nawa cikin ya yi yana barci. Mutanen lokacin sun san abin da ake tambaya da abin da ake ƙyalewa.

To, mutanen lokacin sun ƙare. Cha'ibu shi ne kusan na ƙarshe, bara aka rufe shi. Gona kuwa ba ta ƙaruwa, bakunan ci ne ke ƙaruwa. Rabilu, babban ɗan Cha'ibu, yana da 'ya'ya maza reras da gonar da hatsinta ba ya kai su tsakiyar rani. Ba mugu ba ne tun asali. Shi yake goya Mutari suna yara in ƙaya ta soke shi a wurin kiwo. Amma in rumbu ya yi ƙasa, mutum yakan fara tuna abin da ubansa ya manta da gangan. Ana gab da sharar gona ya kai ƙara gidan maigari.

"Allah shi ba ka nasara, ni ba hwaɗa nika so ba," in ji Rabilu, yana kallon tabarma. "Baba Ahmadu ya rasu shekarar soja, kowa ya sani, sannan ni ina goye. Motar Alhaji kuwa da wayona na gan ta. Na hau bayanta tana tahiya na dira, ga tabon nan ga gwiwata. Yaron da aka goye shekarar soja, yaushe yak kai hawan mota? A duba mamu."

Mutari ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Bai taɓa zaton akwai bakin da zai iya furta wannan a gaban mutane ba, balle bakin ɗan'uwansa.

Maigari ya juya wajen Liman Rayyanu ya tambaye shi abin da littafi ya ce. Liman ya daɗe yana murza carbi kafin ya amsa. Ya ce malamanmu sun yarda ciki yana kwanciya, sun kai shi har shekara biyar, waɗansu suka ce huɗu. Abin da ya wuce nan ba a jingina shi ga mamaci, kuma wanda ba a jingina ba, ba ya gado. Aka nemo tsofaffi biyu da suka rage a garin. Ɗaya ya ce damana biyu ce tsakani, ɗaya ya ce shi abin da ya ci jiya ma ba ya tunawa. Maigari ya so ya kashe wutar, ya ce a raba gonar biyu kowa ya yi haƙuri.

"Ban yarda ba," in ji Mutari. "In na amshi rabi, na ce ke nan rabina ɗan Ahmadu ne. Wane rabin?"

"To, sai rantsuwa," in ji maigari. "Biba tana da rai. Ta zo ta dahwa Alƙur'ani ta ce cikin Ahmadu ne, kuma bai wuce abin da Liman ya hwaɗi ba. In ta rantse, magana ta mutu."

A wannan ƙasa ko mai gaskiya ba ya son a kai shi ga dafa Littafi, kowa yana da labarin wani da ya dafa bai ga damana ta gaba ba. Ga kuma tsohuwa mai yanar ido, a jawo ta gaban maza tana rantsuwa a kan abin da ke cikin mararta tun kafin a haifi rabin masu sauraro. Mutari ya ji ba zai iya ba. Sai ya tuna wata hira da ya taɓa ji a tashar Mayahi, direbobi na cewa kowace mota da lambarta a buge a jikin ƙarfe, kuma masu sani suna karanta shekarar da aka ƙera ta daga lambar.

"Ku bar mani tsohuwa ta huta," ya ce. "Motar nan sabuwa taz zo garin ga, kowa ya shaida. Ƙarhe ba shi ruɓewa kamar mutane, ba shi mantuwa, ba shi son kai. Ni ka tahiya in nemo ta in kawo maku shekararta."

Maigari ya ba shi zuwa ruwan shuka. Da ya yi shiru a nan, da ya fi masa. Amma Mutari mutum ne da ya yarda da gaskiyarsa har ba ya duba inda yake sa ƙafa, ya fito zauren yana jin ya gama da Rabilu.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi, don mata ba sa jiran a tashi daga zaure. Ya iske Biba zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gujiya da lalube.

"Su kawo Littahin in dahwa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Mi ne na yawo cikin wagga rana?"

"Inna, ba ki dahwa komi ina raye."

"Kai dai ba ka jin magana. Ka zamna gida."

Ya ɗauka tausayinsa take ji saboda zafin bazara. Da safe ya bar wa 'ya'yansa sharar gona, ya hau amalanken masu zuwa kasuwa ya nufi Mayahi, inda gidan Alhaji Na Allah yake.

Alhaji Na Allah ya daɗe da rasuwa, gidansa ma an raba shi gida-gida. Wadda ta rage mai iya ba da labari ita ce 'yarsa A'ishatu, dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida. Da ta ji ko shi wane ne ta tafa hannu, ta ce ashe jaririn motar ne ya yi furfura haka. Ta ce mahaifinta mota ɗaya ya taɓa yi a duniya, fara, mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira kat-san-kat. Daga Najeriya ya shigo da ita. Ya sa maƙeri ya liƙa mata zobban ƙarfe a gefe da gefe don ɗaure raguna, da su za a gane ta ko cikin dubu. Da idonsa ya mutu ya sayar wa wani ɗan kasuwar hatsi na Hawandawaki. Takardu kuwa gara ta yi biki da su tun tuni. Da ya tambaye ta shekara, ta ce ai shekarar da aka huda mata kunne ce. Ya yi godiya ya tashi, don wannan irin lissafin shi ma yana da shi a gida.

Hanyar Hawandawaki yashi ne zalla. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke shi sau da yawa sai sun sauka sun tura. Ɗan kasuwar hatsin shi ma ya rasu, amma 'ya'yansa suka zagaya da Mutari bayan gida suna dariyar wai an zo gaida tsohuwa. Motar tana nan gindin wata aduwa, yashi ya ci ta har ƙofa. Ba taya, ba inji. Ƙafafunta na baya suna ƙarƙashin amalanken gidan suna ɗaukar taki, kujerarta tana zaure ana zama, kaji sun mai da wurin direba akurki. Amma ga zobban nan a jere a gefenta, sun yi jajir da tsatsa.

Mutari ya dafa bayan motar ya tsaya. A nan ya fara shan iskar duniya, a kan wannan ƙarfen da yanzu kashin awaki ya rufe. Sau nawa aka ba shi labarin, amma bai taɓa zaton wurin ƙanƙane ne haka ba. Ya ji ƙwalla ta taho masa, ya mai da ita don yaran gidan na kallo. Ya zagaya ta yana neman lamba, bai san inda ake dubawa ba, kuma ko ya gani bai iya karatun boko ba. Masu gidan suka ce in dai tsohuwar Pijo ce, ya tafi Tasawa ya nemi Lamine, ba wanda ya kai shi sanin su.

Lamine yana da rumfa bayan tasha, cike da fitilu da ƙofofi da ƙarafan motocin da aka daina yi tun kafin a haifi yaran da ke tuƙi yanzu. Mutum ne siriri mai tabarau, ya yi lakwal, karatun boko, har ya kusa zama mushe, wato malamin makaranta, kafin son ƙarfe ya janye shi. Magana uku sai ya jefa Faransanci ɗaya. Da ya ji akwai kat-san-kat kwance a Hawandawaki wadda hannu biyu kawai ta bi, ya rufe rumfa ya zuba isansi a babur, ya ce Mutari ya hau. A hanya ya tambaye shi dalili, Mutari ya ce rigimar gado ce, bai ƙara ba.

Da suka isa, Lamine ya kori kaji ya shiga aiki. Ya goge ɗan gilashin da ya rage a ƙofar dama da bakin rigarsa, ya kanne ido ya karanta ƙananan alamun da ke kusurwa.

"Wanga gilashi dai na wajen saba'in da biyar ne," ya ce.

"Daga shekarar soja nawa ke nan?"

"Ɗaya."

Mutari ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi har kaji suka watse. Ya fara tunanin fuskar Rabilu. Amma Lamine sai ya zaro wuƙa ya kankare fentin ƙofar, shuɗi ya fito a ƙarƙashin farin. Ya kankare jikin motar, fari ne har ƙarfe.

"Tsaya tukuna, Malam Mutari. Ƙohwar ga ba tata ba ce, aro ce daga wata mota. Motocinmu duka haka suke, kowace da hannun wata da ƙahwar wata. In ka bi ƙohwa ka yi shaida, wani shi kwance maka ita cikin minti guda."

Ya ɗaga murfin gaba, wanda igiya ce ke riƙe da shi. Inda ɗan farantin lamba yake a da, ramukan ƙusa kawai suka rage, wani ya ɓalle shi ya yi abin da ya ga dama. Lamine bai damu ba. Ya ce akwai wadda ake bugawa a jikin ƙarfen kanta, wadda ba a ɓallewa sai dai a yanka motar. Ya durƙusa a ramin injin yana gurzar tsatsa, zufa na ɗiga daga haɓarsa, har lambobi suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa musu baƙin mai ya goge, suka fito sarai, ya ɗauke su hoto da talho, wayarsa ta hannu. Sannan ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallon wurin agogon gudu da abin da ya rage na sitiyari. Fara'ar da ya zo da ita ta ragu.

"Mi kag gani?" in ji Mutari.

"Ban son in yi maka cinta, sai na tabbata. Akwai wani Nasara a Faransa da nika aika ma ƙananan kaya, suna da ƙungiya ta masu son tsohin motoci, sun tara lambobi da shekarunsu. In aika mashi, mu jira."

Suka koma Tasawa. Mutari ya ƙi tafiya gida hannu wofi, ya zauna a rumfar Lamine yana taya shi jera ƙarafa, yana kwana a masallacin tasha. Kullum da la'asar gabas sai ta haɗa baƙi ta watse. Duk wanda ya shigo rumfar maganar ruwa yake yi, wane gari an samu, wane gari sun yi shukar binne suna jira. Mutari yana ji yana duban talhon Lamine kamar mai jiran a fito da mara lafiya.

Amsar ta zo wata rana da hantsi. Murya ce Nasaran ya aiko, murya mai daɗi ta mutumin da ya ƙoshi, yana magana yana dariya. Lamine ya saurara, ya mayar ya sake saurara, sannan ya cire tabarau ya goge su ba don sun yi datti ba.

"Ya ce kayan motar sun hito Faransa ƙarshen shekarar tamanin, anka haɗa ta a Najeriya. Ya ce ba yadda za a yi ta taka hanya kahin tamanin da ɗaya. Abin da nig gani ciki ma ya yi daidai da hakan."

"Daga shekarar soja nawa ke nan?"

"Bakwai."

Mutari ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ji hayaniyar tasha ta yi nisa. Ya ce ko Nasaran ya yi kuskure. Lamine ya ce inji ana canzawa, ƙofa ana canzawa, amma wannan lamba da ita motar ta zo duniya. Ya ce ko Alhaji ya yi wata motar kafin wannan. Bai ƙarasa ba ya tuna A'ishatu da zobban raguna. Sai a lokacin ya ba Lamine labarin duka, tun daga Ahmadu har zauren maigari, yana magana a hankali kamar labarin wani yake bayarwa.

"Innalillahi," in ji Lamine. "Da ka hwaɗa mani tun hwarko, da na ce maka ka bar ta kwance inda take."

"Ba ka iya cewa saba'in da biyar? Ga gilashi nan."

"Ni ba ni zuwa garinku in ce komi, wallahi ko matata ba ta ji. Amma in anka kira ni anka tambaye ni, ba ni ƙarya. Kuma ko na yi, motar na nan, lambar na nan, ni da kaina na wanke ta. Ɗan'uwanka shi ɗauko wani daga Maraɗi shi karanta mashi."

Talhon ya sake ƙara. Lamine ya saurara ya kife shi a kan tebur. Da Mutari ya matsa masa, ya ce Nasaran ne ke tambaya ko masu motar za su sayar, wai irinta ta yi wuya yanzu.

A motar komawa, matse tsakanin buhuna, Mutari ya riƙa tuna abubuwan da bai taɓa ba su muhimmanci ba. Ranar da aka yi musu kaciya shi ne ƙarami a cikin waɗanda ake ce wa sa'o'insa, har wanzami ya ce wannan ai da an bar shi sai baɗi. Sun riga shi gemu, sun riga shi aure, ana ta cewa yunwar da ya sha a ciki ce ta tsumburar da shi. Tambaya ɗaya ta taso masa, in ba Ahmadu ba to wa, ya danne ta da istigfari. Wannan ƙofar bai da niyyar buɗe ta har ya mutu.

Abin da ya rage shi ne abin da zai faɗa a zaure. In ya faɗi abin da ya samo, ya tsaya da bakinsa ya kira uwarsa da sunan da ba a kiran uwa da shi. In ya ce bai samu motar ba, a koma kan rantsuwa, kuma ya san Biba, za ta dafa. Ko ta yarda har zuciyarta cewa cikin ya kwana shekarun nan yana barci, ko ta san wani abu da ta binne tun tuni, bai sani ba, kuma ba shi da bakin tambaya. Abu ɗaya ya sani, hannunta ba zai sauka a kan Littafi a kan maganar da shi ya san lissafinta bai fita ba. Tsoron abin da zai same ta ya fi masa tsoron yunwa.

Ya sauka a bakin hanya ya ratsa ta gonar. 'Ya'yansa sun share ta fes, sun ƙone kara, sun watsa taki a gefen da yashi ya fi yawa. Shekara da shekaru yana zuba ƙarfinsa a nan, ya san inda ruwa ke kwanciya da inda wake ke yi. Ya tsaya har iska mai sanyi ta fara tasowa daga gabas. Ruwan ya sauko kafin ya kai gida, ruwa mai yawa, irin wanda ake fita shuka washegari.

Da safe gari duk ya nufi gona da iri a ƙwarya, ban da waɗanda maigari ya kira. Mutari ya ce wa matarsa Asiya kada ta bari Inna ta fito. Amma yana zama a zaure sai ga sandarta tana taɓa dokin ƙofa. Ta yi alwala, ta yafa farin mayafinta na Idi, Asiya na biye da ita tana ba da haƙuri da ido. Aka shimfiɗa mata buzu a gefe. Liman Rayyanu yana zaune da Alƙur'ani a cikin gafaka bisa cinyarsa.

"To, Mutari," in ji maigari, "ka samu motar?"

"Allah shi ba ka nasara, na bar ma Rabilu gonar. Duka. A mai da Littahi masallaci."

Maigari ya sake tambayarsa ko ya san abin da yake faɗi, ya ce ya sani. Ba a tambaye shi abin da motar ta ce ba, don babu bukata. Mutumin da ya ƙi rabi ya tafi neman shaida, ya dawo ya bar duka, kowa a zauren ya iya wannan lissafi. Liman ya sunkuyar da kai. Rabilu da ya ci nasara ya kasa ɗaga ido, ya ce cikin ƙaramar murya ai sai a yankar masa gefe ya noma aro, ko don yara. Aka shafa fatiha da sauri, kowa ya nemi takalminsa.

A waje ƙasa na ƙamshin ruwa, ana jin muryoyin masu shuka daga nesa. Biba ta fito tana lalube da sanda. Ya matsa ya kama hannunta don kada ta zame a laka.

"Mutari," ta ce.

Ya tsaya cak. Shi ɗan fari ne, tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko yana jariri, ko ranar da ciwo ya kusa ɗauke shi, kunya ba ta bar ta ta furta ba. Yau ta faɗe shi a fili gaban mutane, yadda ake kiran ɗan maƙwabta.

"Na zo da alwallata in tsaya maka, kai ka kada ni gaban gari. Ciki nawa ne, ni na ɗauke shi, ni na kwana da shi. Ba ka tambaye ni ba, ka tahi ka tambayi ƙarhe."

"Inna, don ke na…"

"Sakam mani hannu."

Ya sake ta. Ta juya ta bi jikin katanga, tana taɓa ƙasa da sanda, mayafinta na jan laka. Ya bi ta a baya daga nesa har ta kai gida, ba ta waiwayo ba.